Haƙoran Katako

SHAFI NA 14

Masu turo saƙo cewa na yi shiru, na gani. Ƙofofi nake haɗa wa wani mutum, ba barci nake ba. Wanda kuma ya ce shafin baya ya yi gajere, ga wannan, ya nemi wuri ya zauna.

*

Yayar matata ta iso da yamma, daidai lokacin da rana take leƙowa ta tagar bayan shago.

Na ajiye zarto, na karkaɗe garin katako daga wandona.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Yawwa, Kafinta. Ina 'yata?"

"Tana ciki, suna lesin."

"Shi na zo gani."

"Ba za ki sha ruwa ba tukuna?"

"In na gama gani na sha."

Kun san abin da ke tsakanina da ita. Tun da matata, uwar yarinyar, ta rasu take son ta tafi da ita garin da take aiki. Na ce a'a. Da sakamakon makarantar safe ya zo ba kyau, ta kai ni ƙara wurin kawunsu. Dattijon ya raba mana gardama: yarinya ta zauna wurin ubanta a nemo mata lesin, amma ranar da Yaya ta zo ta ga karatu ba ya tafiya, ta ɗauke ta, ni kuma in ja bakina in yi shiru. Na amsa a gaban mutane.

To yau ce ranar.

Ko a jikina. Me zan ji wa tsoro? Ai 'yata ce kan gaba a lesin.

Na shige gaba, ta biyo ni tana ɗage zane kar ƙusa ta kama.

Ɗakin lesin nan ne inda nake jibge katako a da. Na kwashe, na buga bencuna, na ba Malama ta riƙa koyar da yaran unguwa. Ni ba mai tsayawa kallon abubuwa ba ne, amma ɗakin nan da yamma sai ka rantse ba a duniya yake ba. Hasken rana yana shigowa a karkace, garin katako yana yawo a cikinsa a hankali, ba ya hawa ba ya sauka. Ko'ina ƙamshin itace. Muryar yara ma laushi take yi.

Lumshi tana bakin taga, inda take zama kullum. Ta tallafi haɓa, ido a lumshe rabi, kamar mai sauraren wata waƙa daga nesa. Saboda wannan kallon ne na sa mata sunan tun tana rarrafe. Kallon uwarta ne sak.

Malama ta gaishe da Yaya da ladabi, ta goge mata kujera da gefen mayafi.

"Ku gaida baƙuwa."

"Sannu da zuwaaa!"

Lumshi ta juyo da kunne, ba da ido ba.

"Inna ce?"

"Ni ce, 'yar gidana. Ci gaba da karatunki."

Malama ta buga alli a jikin allo.

"Jimlar Turanci gida nawa gare ta?"

"Biyu!"

"Na farko?"

"Sabjet!"

"Shi ne wa?"

"Wanda ake magana a kansa!"

"Na biyu?"

"Firediket!"

"Shi kuma fa?"

"Abin da aka faɗa a kansa!"

"In tsuntsu ɗaya ne yake waƙa?"

"The bird sings!"

"In suna da yawa?"

"The birds sing!"

"To ƙaramin harafin nan mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ina yake kwana?"

"Gida ɗaya!"

"Yawwa. In ya kwana a wutsiyar tsuntsaye, ba ya kwana a wutsiyar waƙa. In ya kwana a wutsiyar waƙa, to tsuntsu ɗaya ne. Dole gidajen nan biyu su yi jituwa, in ba haka ba jimla ta karye."

Muryar Lumshi ta fi ta kowa fita. Na saci kallon Yaya. Fuskarta kamar ƙofar da aka kulle.

"Haddar baki ce wannan," ta ce. "Aku ma yana yi."

"Malama," na ce, "ɗauko katakon nan."

Bari in gaya muku labarin katakon. Da aka fara lesin, Malama tana yanka kwali gida biyu, ta rubuta rabin jimla a wannan, rabi a wancan, yara su nemo wanda ya dace da wani. Kwali kuwa kun san hannun yara. Sai ta ce in yanko mata fale-falen katako kamar tafin hannu, sumul, ba wani ado, ta rubuta da fenti.

Na ce to.

Amma da na zo aiki, raina ya ƙi. Katako biyu a jera kawai, suna zamewa, suna girgiɗi? Ni tun da nake ban taɓa haɗa katako ya yi girgiɗi ba. Sai na ɗauki kowane falle, na raba shi biyu da haƙora. Wannan haƙori uku masu tsini, wancan biyu masu faɗi, wani kamar igiyar ruwa, wani kamar matakala. Ba biyu da suka yi kama. Na goge da samfefa har suka yi santsi kamar kumatun jariri. In rabi ya samu ɗan'uwansa, ƙas! sai ka nemi tsagar ka rasa.

Malama da ta gani ta ce, "Kai, Baban Lumshi, ai wannan ya fi ƙarfin lesin ɗina."

Kaina ya fasu ranar.

To su ta juye a kan teburi. Ta cakuɗa su sosai.

"Lumshi, zo ki nuna wa Inna."

Ta taso tana shafa gefen benci da yatsa. Ta tsaya gaban teburi. Ta zuba hannuwa a cikin katakon kamar mai wasa da ruwa.

Ƙas.

Ƙas.

Ƙas.

Malama tana ɗagawa tana karantawa. "The dog runs. Daidai. The girls sweep. Daidai. My father works. Daidai."

Kafin ka ce me, teburi ya cika da jimloli a jere. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Yara suka tafa. Ni bakina har kunne.

"To Yaya, a kawo ruwan yanzu?"

Ba ta kula ni ba. Yarinyar take kallo.

"'Yar gidana, me kike kallo a taga?"

"Ba komai, Inna. Haske."

"Tun da kika fara, taga kike kallo."

"Haka take," na ce. "Ko abinci take ci hankalinta yana sama. Gado ta yi."

Yaya ta tashi. Ta wargaza jimlolin da hannu ɗaya. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kifewa, rubutu yana kallon teburi, bayan katako yana kallon sama.

"Sake haɗawa."

"Hajiya, ai rubutun..." in ji Malama.

"Na sani. Bar ta."

Lumshi ta zuba hannuwa.

Ƙas.

Ƙas.

Ƙas.

Wallahi har ta fi na farko sauri.

Na buga cinya. "Kin gani ko! Ko a kife ma ta iya! Yaya, a garinku akwai yaron da zai karanta Turanci ta baya?"

Ba wanda ya yi dariya.

Na juya wurin Malama don ta taya ni. Sai na ga ta dafe teburi, allin hannunta ya faɗi ya karye. Fuskarta ta yi fari fat.

"Yara," ta ce, "ku tashi, an tashi. Sai gobe."

"Malama, lokaci bai yi ba!"

"Na ce ku tafi."

Suka kwashi jakunkuna suka fice da gudu. Ɗakin ya yi tsit. Garin katako yana ta yawonsa a cikin haske kamar ba abin da ya faru.

"Wai me ke faruwa ne?" na ce. "Yarinya ta ci, kun yi kamar an yi mutuwa."

Yaya ta ɗauki guntun alli daga ƙasa. Ta je allo ta rubuta kalma ɗaya, manya-manyan haruffa, kowanne kamar tafin hannuna.

"'Yar gidana, tsaya nan inda kike. Karanta min."

Lumshi ta ɗaga kai wajen allo. Ta lumshe ido. Ta ƙara lumshewa.

"The bird sings," ta ce a hankali.

"A'a."

"The birds sing."

"A'a."

"The dog..."

"Sunanki na yanka na rubuta."



"Tsoro ne," na ce. "Kin tsaya mata a ka kamar 'yar sanda. Lumshi, karanta mata mu huta."

"Baba..."

"Karanta mana!"

"Baban Lumshi, don Allah," in ji Malama. Ta durƙusa gaban yarinyar, ta riƙe hannayenta biyu. "Lumshi, ba wanda zai dake ki. Da me kike gane katakon nan?"

Lumshi ta sunkuyar da kai.

"Gaya min."

"Da haƙoransu."

"Ba ki duba rubutun?"

"Mai haƙori uku, abokinsa mai rami uku ne. Mai kamar ruwa yana da sanyi a hannu. Mai matakala shi ne kike cewa babana yana aiki." Ta yi ɗan murmushi. "Shi na fi so."

Malama ta rufe baki da mayafi.

Yaya ta jawo kujera ta zauna dab da ita. Muryarta ta sauko, irin muryar da ban taɓa jin ta yi ba.

"'Yar gidana, in kin kalli allo, me kike gani?"

"Kamar ruwa mai duhu. Sai wani farin abu yana yawo a kai, kamar kumfa."

"Malama fa?"

"Malama launi ce mai tafiya. Yau shuɗiya ce. Jiya ruwan hoda."

"Waje fa? Bishiyar can?"

"Kore ne guda ɗaya, babba. Kamar gajimare ne ya gaji ya sauko ya zauna."

"Babanki fa?"

Ta juyo wajena. Kallon nan mai laushi da nake alfahari da shi.

"Baba dogo ne mai duhu. Ƙamshin katako ne da tari. In ya matso sai ya yi ɗumi."



Ita kuwa da ta samu mai saurare, sai ta ci gaba, kamar mai ba da labarin wani gari da ta taɓa zuwa.

"Fitilun motoci furanni ne, Inna. In sun taho sai su buɗe, in sun wuce sai su rufe. Mutane a hanya ba su da fuska sai sun yi magana. In an yi ruwan sama komai yana narkewa ya shiga ɗan'uwansa, gida ya shiga bishiya, bishiya ta shiga sama. Yana da kyau." Ta tsaya. "Ba haka kowa yake gani ba?"

Malama da Yaya suka dubi juna.

"Littafi fa?" in ji Malama. "Ai da kina karantawa."

"In na kawo shi nan," ta taɓa hancinta, "sai haruffa su fito. Amma a makarantar safe yara suka ce ina shinshina littafi kamar akuya. Suna yi min kukan akuya in na shigo. Sai na daina. In kin faɗi abu sai in riƙe a kai."

"Ni ce da laifi," in ji Malama. "Na ga tana ci, ban duba da me take ci ba. Da kwali muke yi, da tun ranar farko na gane."

Maganar ta shige ni kamar ƙusa. Ba ta ce ni ba, amma ai na ji. Sumul ta ce in yanko. Ni na sa haƙora.

"Aiki mai kyau na yi," na ce. Ban san ma wa nake gaya wa ba.

"Mai kyau ƙwarai," in ji Yaya. "Ya yi kyau har ya rufe maka 'yarka."

"Yaya, ina ganin girmanki."

"Ci gaba da gani. Tun da shi kaɗai idonka yake iya gani."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan akwati. A ciki tabarau ne masu kauri, irin waɗanda take sawa in za ta tsallaka titi.

"Duk gidanmu haka muke. Ni, da uwarmu, da uwarta."

"Uwar wa?"

"Uwar wannan yarinyar. Matarka."

Na yi dariya. "Matata idonta garau. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin gilashi a fuskarta ba."

"Ina za ka gani? Ranar da ka fara zuwa gidanmu wurinta ta cire, wai suna mai da ita kamar mujiya. Na ce ki sa, mutumin nan kafinta ne, ba ruwansa da kyau. Ta ƙi. Da za ta tare ta bar su a ƙarƙashin matashina. Suna nan a akwatina har yau."

"Ƙarya ne."

"Ni kake ƙaryatawa?"

"Ban ƙaryata ki ba. Amma ƙarya ne."

Ina faɗa, abubuwa suna dawo min ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kunna fitilu a wani dogon gida.

Yadda matata take sanin ni ne tun daga bakin ƙofa, ta ce takuna ta sani.

Yadda take kawo allura dab da ido, in na yi magana ta ce zaren ne sirara.

Yadda ba ta son a matsar da komai a ɗaki. Kofi in ya bar wurinsa sai ta yi ta lalube tana waƙa don kar in lura.

Yadda in na dawo daga aiki take tsayawa a tsakar gida cikin hasken yamma, ta karkatar da kai, ta lumshe ido, tana kallona a hankali har in iso. Wannan kallon ne ya sa ban ƙara duban wata mace ba. Har yau in na rufe ido shi nake gani.

"In za mu tsallaka titi," na ce, "takan riƙe min hannun riga. Na ɗauka so ne."

"So ne," in ji Yaya. "Amma kuma mota take tsoro."

Malama ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ta yi sauri ta haɗiye.

Na zauna a benci na yara. Gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata.

Yaya ta goge tabarau da gefen zane.

"Zo nan, 'yar gidana. Ba naki ba ne, sun yi miki girma, ƙila su sa ki jiri. Amma leƙa ki gani."

Ta saƙala mata a kunne, ta riƙe mata da yatsa kar su zamo.

Lumshi ta buɗe ido.

Ban taɓa ganin idon 'yata a buɗe haka ba. Ashe manya ne.

Ta juya wajen taga a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Ta daɗe tana kallon bishiyar. Leɓenta ya motsa. Ni na fi kusa da ita, ni kaɗai na ji.

"Ganye... ɗaya-ɗaya ne."

Ta ɗaga hannu cikin hasken rana. Garin katako yana sauka mata a tafi. Ta bi ƙwaya ɗaya da ido tun daga sama har ta sauka. Ta hura. Ta bi ta da kallo.

Ta juya allo. Bakinta ya bi haruffan sunanta, ba sauti.

Ta sunkuya kan teburi, ta birkito falle guda, mai matakala. Ta sa yatsa a kan fentin, ba a kan haƙoran ba. Ta bi rabin farko. Ta bi rabi na biyu har wutsiya, ta tsaya a kan ƙaramar ƙugiyar nan. Ta ɗago ta dubi Malama.

Malama ta gyaɗa kai, hawaye yana zuba.

Sannan Lumshi ta juyo gare ni.

Jama'a, na sha tsayawa gaban masu kuɗi suna zagin aikina ban sunkuyar da kai ba. Amma da yarinyar nan ta zuba min ido, sai na ji kamar ba riga a jikina.

Ta matso. Ta kalli goshina. Ta kalli gemuna. Ta ɗora yatsa a kan tabon da ke gefen girata, inda guntun katako ya taɓa tsalle ya same ni. Ta sha shafa shi, amma yau kallonsa take. Ta kalli idona. Ta daɗe a nan.

Na kau da kai. Wai garin katako ya shiga min ido.

"To, Kafinta," in ji Yaya. "Ka ga abin da na zo gani. Haɗa mata kayanta."

"Hajiya," in ji Malama, "ai a nan ma akwai masu duba ido. Gobe da safe ni da kaina zan raka su. Kuma kanta yana ja, wallahi duk ajin ba kamarta. In ta samu gilashi, kafin hutu za ta kamo kowa."

"Akwai masu duba ido, na sani. Da ma can akwai su. Wa ya kai ta?"

"Bai sani ba ne."

"Shi nake faɗa. Ya zauna da mace har ta koma ga Allah bai san ba ta gani ba. Ya zauna da 'ya har ta yi wayo bai sani ba. Irin idonmu ƙaruwa yake in yaro yana girma. Bana wannan gilashi, baɗi wani. Yana son wanda zai lura tun yarinya ba ta faɗa ba, don irinmu ba ma faɗa. Shi kuwa katako kaɗai yake lura da shi."

"'Yata ce," na ce.

"Ba wanda ya ce ta maƙwabci ce."

"Ba inda za ta."

"Ka amsa a gaban kawu."

"Karatu aka ce. Ba a ce ido ba."

"To karatun ya tafi? Sunanta ta karanta?"

Na juya na dubi allo.

Lumshi tana tsaye a tsakaninmu, hannu biyu riƙe da tabarau a fuska. Tana kallon bakin Inna, tana kallon bakina. Yau ne karon farko da ta ga yadda fuskar manya take in suna faɗa.

Yaya ta sunkuya wajenta.

"Kin ga yadda duniya take ko, 'yar gidana? Haka za ki riƙa gani kullum. Zan sa a yi miki naki, daidai fuskarki, launin da kike so. Makarantar da ke kusa da gidana ba mai yi miki kukan akuya. Za ki zauna a gaba. Da hutu in kawo ki ki ga Baba."

"Baba zai zo?"

"Baba yana da shago."

"Wa zai riƙa miƙa masa ƙusa?"

"Zai miƙa wa kansa."

"Wa zai tashe shi in ya yi barci a kan benci?"

"'Yar gidana, gaya min gaskiya kawai. Kin ga bambanci ko ba ki gani ba? In kin gani, magana ta ƙare, mu tafi."



Lumshi ta sake juyawa taga. Iska ta ɗan kaɗa, ganyen bishiyar suka motsa, kowanne da nasa rawar. Ta kalle su kamar mai cika tulu kafin a ɗauke ruwa. Ta kalli hasken. Ta kalli Malama. Ta dawo kaina, ta bi fuskata tun daga gashi har haɓa, a hankali, ba ta bar ko'ina ba.

Sai ta sa hannu ta zare tabarau.

Idon nan manya suka koma suka lumshe.

Ta miƙa wa Inna. Ba daidai hannun Inna ta miƙa ba, gefe ta miƙa, wajen iska.

"Ban ga komai ba, Inna," ta ce. "Duk ɗaya ne. Da su da babu, duk ɗaya ne."

"Ke!"

"Allah, Inna. Idona lafiya lau. Wasa nake yi ɗazu. Zan dage da karatu. Malama, ki ce mata zan dage."

Malama ta juya baya.

Yarinyar ta laluba ta samu gwiwata, ta riƙe wandona gam, ta jingina kai a jikina. Ina jin zuciyarta tana bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama.

Yaya ta tsaya da tabarau a hannu tana kallona. Ta san na ji abin da yarinyar ta faɗa a bakin taga. In na yi shiru, 'yata ta zauna. Ƙaryar yarinya ta tsaya min, ba mai iya ture ta sai ni.

Rana ta sauka daga taga. Hasken ya janye daga ɗakin kaɗan-kaɗan.

Na ɗora hannu a kan Lumshi. Kanta ɗumi.

"Yaya."

"Ina ji."

"Motar garinku... da safe take tashi ko da rana?"

Hannun da ke riƙe da wandona ya saki.

"Baba?"